Ƙattin Bakin Hanya a Kanada da Tuhumar Annabi Hudu

A farkon 2019 rigima ta ɓarke tsakanin Kanada da Norway. Ba a janye jakada ba, ba a rufe iyaka ba, amma jaridu sun yi makonni suna bibiyarta. A kan santimita 30 aka yi ta. A garin Moose Jaw na lardin Saskatchewan akwai mutum-mutumin wata dabbar dawa da ake kira mus, dangin barewa ce amma ta fi doki tsayi, namijinta kuma na ɗauke da faffaɗan ƙaho mai rassa. Tun 1984 aka girke shi a gefen babbar hanya, ƙarfe da siminti, tsayinsa mita 9.8, aka raɗa masa suna Mac. Ya shekara 31 babu na biyunsa a duniya. Sai ga mutanen Stor-Elvdal a Norway, a 2015, sun ƙera nasu da farin ƙarfe mai ɗaukar ido, suka ɗara Mac da abin da bai kai kamu ɗaya ba.

Da maganar ta taso, magajin garin Moose Jaw na lokacin, Fraser Tolmie, ya ce ba za ta saɓu ba. Aka buɗe asusun neman gudummawa, wani kamfanin giya ya zuba dala 25,000. Mataimakiyar magajin garin Stor-Elvdal ta taso takanas zuwa Kanada, aka zauna sulhu, har da sa hannu a takarda: tsayi na Mac ne, kyau da ƙyalli na ɗan Norway. A watan Oktoba aka ɗora wa Mac sabon ƙaho, ya koma mita 10.36, kowa ya sha dariya ya watse.

Kanada cike take da irin su Mac. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 10, Rasha kaɗai ta fi ta, ta ninka Najeriya fiye da sau goma, amma mutanenta ba su wuce miliyan 40 da 'yan kai ba, akasarinsu ma sun taru ne a kudu kusa da iyakar Amurka. Babbar hanyar da ta ratsa ta daga teku zuwa teku ta kai kilomita 7,800, kuma mai bin ta zai yi ta cin karo da abubuwan da aka kumbura da gangan. A Nackawic akwai gatari mai tsayin mita 15, don garin na masu aikin katako ne. A Sudbury akwai tsabar kuɗi ta santi 5 mai faɗin mita 9, wadda wani ma'aikacin kashe gobara, Ted Szilva, ya nace sai da ya kafa a 1964 bayan hukumar birnin ta juya masa baya. A St. Paul da ke Alberta kuwa abin ya wuce nan: a 1967, shekarar da ƙasar ta cika 100, suka gina filin saukar jiragen halittun wasu duniyoyi, kuma ministan tsaron ƙasar da kansa ya zo buɗewa. Har yau dai ana jiran baƙin.

Wanda ya zauna tafsirin azumi ko sau ɗaya, da wuya ya ji wannan bai tuna da Adawa ba. A Suratush Shu'ara'i, daga aya ta 128, laifin farko da Annabi Hudu (AS) ya lissafa wa mutanensa shi ne bin tuddai suna kafa alamomi ba don wata bukata ba, don wasa kawai. Wasu malaman tafsiri sun ce a bakin hanyoyi suke gina su, inda matafiya za su gani. Ibnu Kasir ya fassara abin da cewa gini ne na nuna ƙarfi da sharholiya, mai cinye lokaci da gumin mutane a banza. Alama, a wuri mai tudu, a bakin hanya, don wasa. Siffar ta zauna wa ƙattin Kanada daram, har mutum ya ce ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, don akwai labarin Wawa.

Wawa ƙaramin gari ne na masu haƙar tama a arewacin Ontario, kuma sunan nasa sunan dinyar daji ne a harshen 'yan asalin yankin, Ojibwe. Mutanen garin sun daɗe suna roƙon gwamnati ta kawo musu hanyar mota. Da hanyar ta iso a 1960, sai ta bi ta bayan gari. 'Yan kasuwa suka ga motoci za su riƙa wucewa fuu, babu mai tsayawa shan mai, balle ya ci abinci ko ya kama ɗaki. Shi ne suka haɗa wata ƙatuwar dinya da waya da farar ƙasa, suka kafa ta a mararraba. Sanyi da ƙanƙara suka cinye ta cikin 'yan shekaru, aka yi ta ƙarfe a 1963, ita ma tsatsa ta ci, aka sake wata a 2017. A tsakanin nan an rufe mahaƙar taman a 1998, mutanen garin yanzu ba su kai 3,000 ba. Wanda ya kalli dinyar nan ya ce girman kai ne ya gina ta, bai san garin ba. Tsoro ne ya gina ta, tsoron a wuce mutum a hanya kamar ba ya nan.

Ga wanda ya ci gaba da karatun ayoyin, tuhumar Hudu ba ta tsaya a kan wasa ba. Ya haɗa da cewa suna gina manyan gidaje kamar waɗanda ba za su mutu ba, kuma in sun damƙi mutum damƙar azzalumai suke yi. Uku ne a jere, kuma tsintsiya ɗaya ce: mai ƙarfi da ya manta da kabari yana tallar ƙarfinsa ga na ƙasa da shi. Girman abu shi kaɗai ba laifi ba ne a Alƙur'ani. A Suratu Saba'i an ba da labarin akusan da aljanu ke ƙera wa Annabi Sulaimanu (AS), kowane ɗaya ya kai tafki, da tukwanen da ba a iya ɗagawa daga inda aka girke su, kuma abin da aka nema a wajensa godiya ce. Zulƙarnaini ya toshe tsakanin duwatsu biyu da ƙarfe da narkakken tagulla, ya gama ya ce rahamar Ubangijinsa ce, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ranar rushewarta na nan tafe. Fir'auna ma gini ya sa Hamana ya yi masa. Bambancin yana ga abin da mai gini yake so ginin ya faɗa a kansa.

To me ƙattin Kanada ke faɗa? Yawancinsu cewa suke: ga sana'armu, ga abincinmu, tsaya ka sayi wani abu. A Drumheller, inda ake haƙo ƙasusuwan dabbobin zamanin da, akwai dainaso mai tsayin mita 26 da aka gina a 2000. Baƙo zai biya kuɗi ya hau matakala 106 ya leƙo ta cikin bakinta, wani kaso na kuɗin kuma yana tafiya ayyukan gari. Wannan talla ce, kuma talla ba kafirci ba ce. Malamin fiƙihu dai zai raba su gida biyu kafin a je ko'ina. A mazhabar Malikiyya sura mai inuwa ta abu mai rai, cikakkiyar halitta, haramun ce, ta marar rai kuwa babu laifi. Da wannan ma'auni gatari da tsabar kuɗi sun tsira, Mac da dinya ba su tsira ba. Wannan hukunci ne a kan Musulmin da zai sassaƙa ko ya ajiye. Bai amsa tambayar me ya sa ɗan Adam, ko wane addini yake bi, ba ya jin daɗin abu sai an ce babu kamarsa a duniya ba.

Inda wannan ƙishirwa ta fito fili shi ne Toronto. Hasumiyar CN, mita 553, an buɗe ta a 1976. Tana da hujjarta: dogayen benaye sun cika birnin suna tare sautin rediyo da hoton talabijin, ana bukatar eriya mai tsayi. Amma ba wanda ya yarda cewa eriya ce kaɗai ta kai ta inda ta kai. Kamfanin jiragen ƙasa da ya gina ta yana so a san da zamansa. Ta riƙe kambun ginin da ya fi kowane tsayi cikin masu tsayuwa da ƙafarsu fiye da shekara 30, har 2007 da ginin Dubai ya wuce ta tun ana kan aikinsa, ya je ya tsaya a mita 828. Gaba da gabanta. Musulmin da zai ɗaga yatsa ya nuna wa Toronto hadisin Jibrilu, wanda ya sanya gasar dogayen gine-gine cikin alamomin tashin alƙiyama, ya fara tuna abin da alhazai ke gani in sun ɗaga kai a wajen ɗawafi: hasumiyar agogon Makka, mita 601, ta fi ta Toronto, kuma sai da aka rushe tsohon sansanin Ajyad na Daular Usmaniyya a 2002, aka baje dutsen da yake kai, kafin a samu filinta. A wannan gasa ba Turawa ne kan gaba ba.

Akwai wata ruwaya da Ibnu Kasir ya kawo a ƙarƙashin ayoyin nan. Sahabi Abud Darda'i ya ga yadda Musulmi suka duƙufa gine-gine a Dimashƙa, ya miƙe a masallaci ya tuna musu da dukiyar Adawa, sannan ya tambaya ko akwai mai sayen gadonsu a kan dirhami biyu. Garin Duncan da ke yammacin Kanada ya ga irin wannan ciniki ido da ido. Sandar wasan hoki mafi girma a duniya, mita 62 ta katako da ƙarfe, an yi ta ne don bajekolin duniya na Vancouver a 1986, daga baya aka kai ta Duncan aka liƙa a jikin zauren wasanninsu. Ruwa ya shiga katakon, tsuntsaye suka huda ta suka yi sheƙa, kuɗin gyara ya fi ƙarfin abin da jama'a suka yarda a kashe. A 2024 aka sauke ta, aka sallama wa mai yanka ta gunduwa-gunduwa ya sayar wa masu son tsaraba. Abin lura shi ne mutanen Duncan da aka tambayi ra'ayinsu, mafi yawansu cewa suka yi a bar ta ta tafi. Adawa ba za su ce haka ba.

Amma wanke ƙattin nan tas shi ma gaggawa ce. Wasa yana da nasa haɗarin, wanda malamai ke kira gafala: ba ya ƙarya, yana dai cika ido har a kasa ganin abin da ke gefe.

Ƙwan Vegreville ya isa misali. 'Yan Yukren sun fara zuwa filayen yammacin Kanada a 1891, manoma ne matalauta, suka zo da al'adarsu ta zana ado a jikin ƙwai lokacin bikin Ista. A 1975 jikokinsu suka kafa ƙwai mai tsawon kusan mita 9 da nauyin tan biyu da rabi, yana juyawa in iska ta kaɗa. Aikin ya gagari magina, don ƙwai ba shi da kusurwar da za a kama. Sai da wani malamin kwamfuta daga Jami'ar Utah, Ron Resch, ya zauna ya fitar da lissafin yadda za a jera falle-fallen alminiyam masu kusurwa uku, guda 2,208, da taurari 524, su ba da siffar ƙwai. An yi shi ne don taya 'yan sandan dawaki na ƙasar murnar cika shekara 100. Kyakkyawan abu ne, ba musu. Abin da ba a gani a jikinsa shi ne daga 1914 zuwa 1920 gwamnatin Kanada ta tsare mutum fiye da 8,500 a sansanoni 24 a matsayin baƙi 'yan ƙasar abokan gaba, kimanin 5,000 daga cikinsu 'yan Yukren, aka sa su aikin ƙarfi, har da share hanyoyi a gandun shaƙatawa na Banff da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa a kai yau. Ƙwan ya riga allunan tunawa da waɗannan fursunoni tsayuwa da shekaru masu yawa. Tara kuɗin abin da ke sa murmushi ya fi sauƙi.

Gumakan da suka jawo wa Kanada tashin hankali na gaske ba na dabbobi ba ne, na mutane ne. John A. Macdonald, firaministan farko, an kafa masa mutum-mutumi a Montreal tun 1895. A ƙarshen Agustan 2020 masu zanga-zanga suka ɗaura masa igiya suka fizgo shi, kan ya cire ya gangara. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka kifar da na Sarauniya Victoria a Winnipeg. Dalili shi ne makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka raba yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 da iyayensu, aka hana su harshensu, dubbai suka mutu a can. Ba a rufe na ƙarshe ba sai a ƙarshen shekarun 1990, kuma hukumar bincike ta ƙasa a 2015 ta kira abin kisan ƙare dangi ga al'ada. Macdonald na cikin waɗanda suka assasa tsarin. Ruwayar Ibnu Abbas a Bukhari ta ce gumakan mutanen Annabi Nuhu, su Waddu da Suwa'u, asalinsu mutanen kirki ne da aka kafa wa alamomi don tunawa, sai da masu sani suka ƙare aka koma bauta musu. Ba wanda ya yi wa Macdonald sujada. Amma tagulla tana da wannan hali: tana ɗaukar mutum mai alheri da sharri, ta ɗora shi a kan dandamali, ta hana a tambaye shi. Mac bai taɓa neman a ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ya sa ba wanda ya je masa da igiya.

'Yan asalin gabar tekun yamma suna da tasu amsar, kuma ta girmi Kanada. Suna sassaƙa dogayen turaku na itacen sida masu ɗauke da tambarin dangi da tarihin zuri'a. 'Yan mishan sun ɗauka gumaka ne, ba kuwa bauta musu ake yi ba. Sun fi kusa da littafin nasaba. Daga 1885 zuwa 1951 doka ta haramta bikin rabon kyauta da ake kafa turakun a cikinsa. A al'adar Haida, ɗaya daga cikin ƙabilun yankin, turke yana da ajali. In ya tsufa ba a ta da shi da ƙarfe, barinsa ake ya karkata, gansakuka ta rufe shi, ya faɗi ya koma ƙasa, na baya su sassaƙa nasu. A tsohon ƙauyen SGang Gwaay, wanda cutar agana ta kwashe mutanensa, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1981, amma turakun na nan suna ruɓewa a hankali da yardar masu su. Duk da haka cutar kambu ba ta bar yankin ba. A Alert Bay an kafa turke mai tsayin kusan mita 53 a 1973, ana ce masa mafi tsawo a duniya, wasu garuruwan kuma suna musu don ba da gungume ɗaya aka yi shi ba. A wannan garin ne aka buɗe cibiyar U'mista a 1980 don ajiye kayan bikin da hukuma ta ƙwace bayan wani bikin rabon kyauta da aka yi a 1921, daga baya aka dawo da su, kuma dab da ita makarantar kwanan St. Michael's ta tsaya har 2015 da aka rushe ta a gaban tsofaffin ɗalibanta.

Musulmin Kanada ma suna cikin littafin bajinta, sai dai ta wata ƙofa suka shiga. Masallacin farko a ƙasar, Al-Rashid na Edmonton, an buɗe shi a Disambar 1938 lokacin da Musulmin ƙasar duka ba su fi 700 ba. Wata mata 'yar asalin Labanan, Hilwie Hamdon, ita ta je wajen magajin gari neman fili, ita da ƙawayenta suka bi shaguna suna tara dala 5,000 daga Musulmi da Kirista da Yahudawa. Maginin ɗan Yukren ne, bai taɓa gina masallaci ba, sai ya gina abin da hannunsa ya saba, shi ya sa masallacin ya fito da kamannin cocin Orthodox mai jinjirin wata a ka. Abdullahi Yusuf Ali, mai fassarar Alƙur'ani zuwa Turanci, ya halarci buɗewar.

Na Inuvik ya fi ban mamaki. Garin yana kimanin kilomita 200 arewa da da'irar Aktik, inda rana ke yin fiye da kwana 50 ba ta faɗi ba a bazararsu, ta yi kusan wata guda ba ta fito ba a hunturu. Musulmi kusan 100 ne a can, daga Sudan da Labanan da Masar da sauransu, da yawansu direbobin tasi, suna salla a wata tsohuwar tirela da ba ta ɗaukar su. Gini a can tsada ne da shi, don haka wata gidauniyar agaji ta Musulmi ta sa aka haɗa masallacin a Winnipeg, aka ɗora shi sukutum a kan babbar mota, aka bi da shi ta ƙananan gadoji har garin Hay River, aka samu jirgin dakon kaya na ƙarshe kafin kogin Mackenzie ya daskare. Tafiyar ta haura kilomita 4,000. A Nuwamban 2010 aka buɗe shi, kuma a duk nahiyar Amurka babu masallacin da ya kai shi nisa zuwa arewa.

Wannan kambu ba shi suka fita nema ba, matsin sahu ne ya kore su daga tirela. Matsalolinsu ma na daban ne: yaushe ake Magariba a ranar da rana ba ta faɗi ba, ƙarfe nawa ake buɗa baki? Malamai sun dogara da hadisin kwanakin Dujal, inda aka yi umarni da a ƙaddara lokaci, suka ba da zaɓi biyu, ko a bi agogon gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko a bi na Makka. A 2015 jama'ar masallacin suka buɗe rumbun raba abinci kyauta, don kayan masarufi a can sun ninka farashin kudu, kuma akasarin masu zuwa karɓa ba Musulmi ba ne, Inuvialuit ne da Gwich'in, 'yan asalin wurin. Masu yawon buɗe ido dai ba su bar shi ba: duk wanda ya kai Inuvik yakan tsaya ya ɗauki hoto a cocin Katolika mai siffar ɗakin ƙanƙara, sannan ya gangara ya ɗauki na masallacin, don an gaya masa babu irinsa.